Yadda ake saka haske da inuwa a jikin sojan da bai kai ɗan yatsa ba

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da manya ke yi da ƙananan mutum-mutumi na sojoji a kan teburi. Kowa ya jera rundunarsa, a auna tazara da ma'auni, a jefa ƙwaya irin ta lido don a san wanda harbinsa ya samu. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa dokokin irin wannan wasa tun 1913 a littafinsa Little Wars. Amma kamfanin da ya mai da abin babbar kasuwa shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma hedkwatarsa na Nottingham. Shi ya fitar da wasan Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987. Yawancin sojojin nan tsayinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. A da da darma ake zuba su, yau galibi roba ce, kuma ana sayar da su ba fenti, mai saye ne zai zauna ya yi musu. Wasu kamfanoni, irin su WizKids na Amurka, sukan sayar da nasu da fentin masana'anta.

Ko wanne mutum ya samu, wuri guda zai tsaya. An shafa wa alkyabba ja, sulke ruwan azurfa, fuska launin fata, kowane launi ya zauna inda ya dace, amma in an ajiye sojan a teburi sai a gan shi lami, ba a bambance ninkin riga da ƙirji.

Dalilin lissafi ne. Mutum mai tsayin mita 1.7 ya ninka sojan milimita 28 wajen sau sittin. Saboda haka kallon sojan daga nisan mita ɗaya daidai yake da hango mutum daga nisan mita sittin, inda ido ba ya tsinkayar ƙananan abubuwa. Ga shi kuma ninkin da zai yi zurfin ɗan yatsa a rigar gaske, a nan bai kai milimita ɗaya ba, hasken ɗaki da ke zuwa ta kowace kusurwa yana cike shi ya shafe 'yar inuwar da ke ciki. Tunda hasken gaske ya gaza, sai mai fenti ya zana shi da hannunsa, har ya zarce abin da ake gani a zahiri.

Kafin a ɗauki burushi akwai shawarar da ake yankewa: daga ina hasken ke zuwa? Yawanci ana ɗauka rana na bisa kai, ta ɗan karkata gaba. Hanya mai sauƙi ita ce a riƙe sojan ƙarƙashin fitila guda a ɗaki mai duhu, a ɗauki hotonsa da waya. Inda ya yi haske a hoton, wato kafaɗu, saman kwalkwali, doron hanci da gwiwar da ta turo gaba, nan za a haskaka. Ƙarƙashin haɓa, hammata da tsakanin ƙafafu kuwa na inuwa ne. Sojan da aka saya da fentinsa, ko wanda ya sha hannu wurin wasa, sai an fara wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi, domin maiƙo yana sa sabon fenti ya dunƙule ya ƙi kamawa.

Da inuwa ake farawa. Abin da ake amfani da shi fenti ne da aka tsinka ƙwarai, a kira shi ruwan inuwa. Ba ruwa kaɗai ke cikinsa ba, akwai sinadarin da ke hana shi taruwa ɗigo-ɗigo, ya sa shi malala. In an shafa, sai ya yi abin da ruwan sama ke yi, ya bar tudu ya gangara kwari, ya kwashi launinsa ya kai cikin lunguna ya bushe a can. Cikin 'yan mintoci zoben sulke ya fito ɗaya-ɗaya, yatsu suka rabu, ido ya faɗa cikin gurbinsa. Masu wannan sha'awa sun san kwalabe biyu na fentin Games Workshop kamar sunayensu: Nuln Oil, baƙi, na ƙarfe, da Agrax Earthshade, ƙasa-ƙasa, na fata da katako da tufafi.

Matsalarsa a shimfiɗaɗɗen wuri take. A kan garkuwa ko faffaɗar alkyabba babu kwarin da zai gangara, sai ya kwanta, ya fara bushewa daga gefe, ya bar da'ira mai duhu kamar tabo. Maganin shi ne a tsotse rarar da busasshen burushi tun yana ɗanye, kuma da zarar ya fara kamawa a ƙyale shi, don taɓawa a lokacin yage shi take yi. Wanda ba ya son launin da ke ƙasa ya dushe, sai ya ɗiga ruwan da bakin burushi cikin tsagogi kawai. Santsin jikin sojan ma yana da tasiri. In an fara shafa masa ruwan kariya mai sheƙi, irin wanda kafinta ke yi wa katako, ruwan inuwa yana zamewa zuwa lungu ya bar tudu da tsabta, alhali jiki mai kaushi yakan sha launin ko'ina ya yi duhu gaba ɗaya.

Sabon shiga yakan zaci baƙi ne inuwar kowane launi, fari kuma haskensa. Fenti ba ya bin wannan. A zuba baƙi cikin rawaya, sai ta koma wani kore mai dauɗa, shi ya sa ake yi mata inuwa da ƙasa-ƙasa mai ɗan ja. A zuba fari cikin ja, sai a sami ruwan hoda, jarumin ya fito kamar an yi masa ankon biki, don haka ja da ruwan lemo ake haskaka shi, inuwarsa kuma ta karkata zuwa shunayya ko ƙasa-ƙasa mai duhu. Fari shi ya fi wuya, domin babu abin da ya fi shi haske. Dole jikin rigar ya zama toka mai haske, a ajiye farin gaske don ƙololuwar ninki kawai.

Bayan inuwa ta bushe sarai, sai a mai da launin farko a kan wuraren da suka taso, a bar duhun a lunguna. Sannan a ɗora wanda ya ɗan fi shi haske a wuri mafi ƙanƙanta, a sake ɗora wani a cikin wancan, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙarami. Fentin akirilik da ake amfani da shi yana bushewa da sauri, kuma sai an tsinka shi, domin shafe biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri da zai toshe zanen jikin sojan.

Inda jiki ke da kaushi, kamar gashin dabba, gemu ko dutse, akwai gajerar hanya. A tsoma burushi mai faɗi a fenti, a goge shi a takarda har ya zama kusan ba ya barin komai, sannan a riƙa kaɗa shi a hankali a kan wurin. Ɗan abin da ya rage a gashin burushin tudu kaɗai yake kamawa. Hanyar tana cin burushi, shi ya sa ake ware mata tsoho, kuma a wuri mai santsi takan bar alama kamar ƙura. Ga sulken faranti mai kaifin gefe kuwa, ana jan siririn layi mai haske a bakin kowane faranti, da gefen burushi maimakon tsininsa, don gefen sulken da kansa ya riƙe layin ya miƙe. Rana ba ta haska kowane gefe haka, amma layin yana nuna wa ido siffar abin daga nesa, kuma da wannan salo aka san sojojin da Games Workshop ke nunawa a jikin kwalayensa.

In hawa-hawan launin suka fito da iyaka a tsakaninsu, ana shafa wani fenti shara-shara a kai, wanda ake ganin na ƙasa ta cikinsa, ya haɗe su. Daga ƙarshe a rufe da ruwan kariya marar sheƙi, saboda sheƙi yana kawo nasa hasken a inda ba a zana ba, ya rikita wanda aka zana. A lura dai, wasu na feshi sukan bar roba mai laushi tana danƙo, gara wanda ake shafawa da burushi.

Nawa ne ya isa? Ya danganta da inda za a kalli sojan. Masu shiga gasar fentin sojoji ta Golden Demon, wadda aka fara a 1987, sukan shafe makonni a kan mutum-mutumi guda, don alƙalai kusa-kusa za su duba. Mai runduna ta soja hamsin kuwa, a ganina, ruwan inuwa ɗaya da hawa biyu na haske sun ishe shi, muddin tazarar duhu da haske ta fito sosai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsoron wannan tazara. Ana aiki soja na dab da ido, sai hasken ya yi kamar ya yi yawa, a rage shi, in an ajiye a teburi ya ɓace. Shi ya sa masu gwaninta ke miƙe hannu lokaci-lokaci su dube shi daga can kafin su ci gaba.