Asalin Kalandar Miladiyya: Yadda Gardamar Ranar Ista Ta Haifi Lissafin Shekaru



Duk ma'aikacin da ya ɗauki alƙalami zai rubuta wasiƙa, abin da yakan fara sawa a kan takarda shi ne kwanan wata. Da wannan kwanan wata ake biyan albashi, da shi ake ƙidaya shekarun aiki har a kai ga fansho, da shi kuma alƙali yake sa ranar shari'a. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi inda lissafin ya samo asali. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi sawun kalandar da muke kira Miladiyya, watau mai ƙirga shekaru daga haihuwar Isa Almasihu, wanda Kirista suke kira Yesu Kiristi. Za mu ga cewa siffar da take da ita a yau ta fito ne daga tambaya guda da ta dami shugabannin Kirista fiye da shekara dubu: wace rana ce ta dace a yi idin Ista?

Gadon Rumawa

Watannin nan goma sha biyu sun girmi addinin Kirista. Na Rumawa ne. Janairu da Maris sunayen abubuwan bautarsu ne, Yuli da Agusta kuwa sunayen sarakunansu. A shekara ta 46 kafin Miladiyya, Yuliyus Kaisar ya gyara kalandar Rum bisa shawarar wani masanin taurari na birnin Iskandariya ta Masar mai suna Sosijinis. Aka tsayar da shekara a kan kwana 365 da rubu'i, aka riƙa tara rubu'in nan a ƙara kwana ɗaya a watan Fabrairu duk bayan shekara huɗu.

Sai dai akwai ɗan kuskure. Ainihin shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙoƙi, watau lissafin Kaisar ya zarce da wajen minti 11 a kowace shekara. Minti goma sha ɗaya ba abin da mutum zai lura da shi ba ne a rayuwarsa, amma da yayyafi kogi kan cika: a cikin shekara 128 sukan haɗu su zama kwana guda cur. A riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Gardamar Ista

A aƙidar Kirista, an gicciye Almasihu ne a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, ya kuma tashi daga matattu ranar Lahadi. Tunawa da wannan tashi ita ce Ista, babban idinsu na shekara. To, Yahudawa da wata suke lissafi, idinsu kuma yana faɗuwa ne a daren sha huɗu ga watan Nisan, ko wace rana ce ta mako. Nan ne aka rabu. Kiristocin Asiya Ƙarama, inda ƙasar Turkiyya take yanzu, suka riƙe sha huɗu ga wata. Na Rum da na Iskandariya suka ce lalle sai ranar Lahadi.

Wajen shekara ta 155, tsohon bishop na Simirna mai suna Folikab ya je Rum ya tattauna da bishop Anisetus. Ba wanda ya rinjayi wani, amma sun rabu cikin mutunci. Kusan shekara arba'in bayan haka, bishop Fikto na Rum, wanda asalinsa mutumin Afirka ta Arewa ne, ya yi niyyar yanke hulɗa da jama'ar Asiya gaba ɗaya a kan wannan magana, sai da Iraniyus, bishop na Liyon ta ƙasar Faransa, ya rubuta masa yana ba shi haƙuri. Wannan ya nuna mana nauyin al'amarin. Kafin Ista ana yin azumi, saboda haka saɓanin rana yana nufin wasu suna cikin azumi wasu kuwa suna cin abincin idi, alhali duk suna cewa jama'a ɗaya ce. Mutanen ƙasarmu, waɗanda suka san abin da saɓanin ganin wata yakan jawo a gari guda, ba sa bukatar dogon bayani a nan.

Sarki Kustantin da Taron Nikiya

A shekara ta 313 Sarkin Rum Kustantin da takwaransa Lisiniyus suka amince a birnin Milan cewa a bar Kirista su yi addininsu ba tsangwama. A shekara ta 321 Kustantin ya kafa doka cewa alƙalai da mazauna birane da masu sana'a su huta ranar Lahadi, amma ya ɗauke wa manoma, domin shuka ba ta jiran kowa. Wannan doka ita ce tushen hutun Lahadi na hukuma, wanda ya sa ofisoshi da bankuna suke rufe a wannan rana a mafi yawan ƙasashen duniya.

A shekara ta 325 ya tara bishop-bishop wajen ɗari uku a garin Nikiya, wanda yanzu ake kira Iznik a Turkiyya. Babban abin da ya tara su shi ne koyarwar wani limami na Iskandariya mai suna Ariyus game da matsayin Almasihu, amma sun kuma yanke cewa Kirista duka su yi Ista rana ɗaya, ba tare da jiran lissafin Yahudawa ba. Ƙa'idar da daga baya ta zauna ita ce ta masana hisabin Iskandariya: a ɗauki 21 ga Maris a matsayin ranar da dare da yini suke daidaita, a jira cikar wata da ta zo a ranar ko bayanta, Lahadin da ta biyo baya ita ce Ista. Saboda haka idin ba ya sauka ƙasa da 22 ga Maris, ba ya kuma wuce 25 ga Afrilu. Don a san ranar tun da wuri, sai aka riƙa tsara jadawali bisa wani zagaye da Girkawa suka sani tun dā, cewa shekarun rana 19 sun yi kusan daidai da watanni 235 na sama.

Diyonisiyus da Beda

Jadawalin Iskandariya yana ƙirga shekaru ne daga hawan Sarki Diyokiletiyan a shekara ta 284. A shekara ta 525 wani rahibi, watau mai gudun duniya da ya keɓe kansa don ibada da karatu, mai suna Diyonisiyus Ƙarami, ya zauna a Rum zai ƙara wa jadawalin shekara 95. Sai ya ƙi ci gaba da ƙirga shekaru da sunan Diyokiletiyan, domin shi ne sarkin da ya fi kowa gallaza wa Kirista tun daga shekara ta 303. Ya mai da mafarin ƙirgar ga haihuwar Almasihu, ya sa shekara ta 248 ta Diyokiletiyan ta zama 532. Lambar shekarar da muke rubutawa a yau daga alƙalamin wannan mutum ta fito.

Lissafinsa bai faɗa daidai ba. Linjilar Matiyu ta nuna an haifi Almasihu a zamanin Sarki Hirudus, mafi yawan masana tarihi kuwa sun tsaya a kan Hirudus ya mutu shekara huɗu kafin shekarar farko ta Miladiyya. Har ila yau, babu shekarar sifiri a tsarin: daga shekara ta 1 kafin Miladiyya sai shekara ta 1 bayanta.

Wanda ya fitar da wannan ƙirga daga cikin jadawalin limamai ya shigar da ita rubutun tarihi shi ne Beda, rahibi na garin Jaro a arewacin Ingila. A littafinsa na tarihin Kiristancin Ingilishi, wanda ya kammala a shekara ta 731, ya ba da labarin Sarki Oswi na Nozambiriya, wanda yake bin lissafin limaman Ailan, matarsa kuwa tana bin na Rum, har yakan faru sarki yana idi sarauniya tana azumi a gida ɗaya. Taron da aka yi a Witbi a shekara ta 664 ya raba gardamar, aka bi Rum. Domin ƙasar tana da masarautu da yawa, kowace tana ƙirga shekarun sarkinta, Beda ya ga ba abin da zai haɗa labarinsu sai ma'auni guda. Littafinsa ya karɓu, ƙirgar ta bazu a Turai sannu a hankali. Ƙasar Fotugal ba ta bar tsohuwar ƙirgarta ba sai a shekara ta 1422.

Gyaran Paparoma Giregori

Yanzu sai mu komo kan mintocin nan goma sha ɗaya. Kafin ƙarni na 16 sun taru sun zama kwana goma, ranar daidaiton dare da yini ta koma wajen 11 ga Maris, alhali coci tana nan a kan 21. Ista ta fara zamewa daga lokacinta. Tun a ƙarni na 13 wani malami Bature na Ingila, Roja Bekon, ya rubuta wa Paparoma yana nuna kuskuren, amma ba a yi kome ba.

Paparoma Giregori na 13 ne ya kafa kwamitin da ya gama aikin. Tsarin na wani likita ne ɗan Italiya mai suna Liliyus, wanda ya rasu kafin a zartar. Babban mai kare shi kuwa shi ne Kilabiyus, limami Bajamushe masanin lissafi. A cikin kwamitin har da Ni'imatullahi, tsohon shugaban cocin Suriyanawa na Antakiya, wanda ya san littattafan falaki na Larabci. Ran 24 ga Fabrairu 1582 Paparoma ya ba da umurni da abu biyu. Na farko, a tsallake kwana goma: aka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba, aka tashi Jumma'a 15 ga Oktoba, ba tare da an taɓa jerin ranakun mako ba. Na biyu, shekarun cikar ƙarni ba za su sami ƙarin kwana ba sai waɗanda 400 ta raba su daidai. Don haka 1700 da 1800 da 1900 ba su samu ba, 1600 da 2000 sun samu. Da wannan dabara kuskuren ya ragu zuwa kwana ɗaya a cikin shekara wajen dubu uku.

Ƙasashen Katolika irin su Sifen da Fotugal da Folan suka karɓa nan take. Furotesta suka ƙi, domin a lokacin suna tsakiyar rigima da Rum, duk abin da ya fito daga hannun Paparoma abin zargi ne. Jihohin Furotesta na Jamus sai a 1700 suka bi. Ingila da ƙasashen da take mallaka sai a 1752, lokacin da giɓin ya kai kwana 11, aka tashi daga 2 ga Satumba zuwa 14. Japan ta karɓa a 1873, Rasha a 1918, Girka a 1923, Turkiyya a 1926. Abin da ya ja waɗannan na baya shi ne ciniki da hulɗar ƙasashe. Jinkirin Rasha ne ya sa juyin mulkin da ake kira na Oktoba 1917 ya faɗa a 7 ga Nuwamba a lissafin sauran duniya.

Wasu coci-coci na Gabas sun riƙe tsohon lissafi a ibadarsu, shi ya sa Kiristocin Rasha da Ƙibɗawan Masar da Habashawa suke Kirsimeti ran 7 ga Janairu. Ƙibɗawa suna ƙirga shekarunsu daga 284, suna kiranta Shekarar Shahidai. Habasha tana da kalandarta mai wata 13, wadda take bayan Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas, har ta yi bikin cika shekara 2000 a watan Satumba 2007. Ista ɗin da aka yi taron Nikiya dominta ba ta haɗu ba, sai dai jefi-jefi lissafin Gabas da na Yamma sukan dace, kamar yadda ya faru ran 20 ga Afrilu 2025, shekarar da taron ya cika shekara 1700.

Zuwanta Ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa, malamai da fadawa a ƙasar Hausa da Hijiriyya suke aiki, wadda Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya kafa, ya mai da mafarinta hijirar da aka yi daga Makka zuwa Madina a shekara ta 622. Hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu, wadda littattafan makaranta suke cewa a 1804 aka yi, a wurin mutanen zamanin a 1218 aka yi ta. Manomi kuma yana da nasa lissafin na bazara da damina da kaka da rani. Sunayen ranakunmu, daga Lahadi zuwa Asabar, daga Larabci muka same su.

Miladiyya ta shigo ne tare da mulkin mallaka, bayan da Lugga ya yi shelar mallakar Arewa a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, aka kuma ci Kano da Sakkwato a 1903. Faransawa suka kai ta Nijar. Ta shiga ta ƙofar baitulmali da takardar haraji da rajistar makaranta. Hukuma tana son shekarar da take tafiya daidai da kaka, lokacin da talaka yake da abin biyan haraji, Hijiriyya kuwa kwana 354 ce, tana zagaya damina da rani duk bayan shekara 33. Wannan bambanci na kwana 11 yana da tasiri a aljihu: ma'aikacin da ya yi shekara 35 ta Miladiyya yana aiki, ya yi 36 ke nan a Hijiriyya. A shekara ta 2016 ƙasar Saudiyya ma ta koma biyan ma'aikatanta albashi da watannin Miladiyya.

Kammalawa

Takardar da take rataye a bangon ofis, ashe, aikin al'ummu da yawa ce: tsawon shekara daga masanan Masar, watanni daga Rumawa, mako mai kwana bakwai daga Yahudawa, lambar shekara da hutun Lahadi da gyaran ƙarshe daga Kirista. Akwai darasi biyu a nan ga masu sauraro. Ɗalibin tarihi ya wajaba ya tambayi kowace takarda da wane lissafi aka rubuta ta kafin ya dogara da kwanan watanta, ko ta Ingila ce ta kafin 1752, ko wasiƙar wani sarki ce ta zamanin daular Sakkwato. Ma'aikaci kuwa, wanda yake hidima ga jama'ar da wasunta suke duban wata don Salla wasu kuma suke jiran jadawali don Ista, zai fi iya tsara aiki da hutu cikin adalci idan ya san yadda kowane lissafi yake tafiya da dalilin da ya sa masu shi suke riƙe da shi.