Mantuwar Yara a Ajin Farko: Harshe ne ko Lalura? Misalin Gaya

Garin Gaya, cikin jihar Doso, yana bakin kogin Isa. Gada ce ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Nijeriya kuma ba ta da nisa da shi. Saboda haka yaron Gaya yakan tashi yana jin Dandanci ko Zabarmanci a gida, Hausa a kasuwa, Larabci a makarantar allo. Ran da aka kai shi boko sai ya tarar da Faransanci. Bayan ƴan watanni malami yakan ce wane ba ya da kai, abin da aka gaya masa da safe ya manta kafin azahar. Wannan hukunci yana da nauyi, domin sau da yawa shi ke sa uba ya cire ɗansa daga makaranta. Ya kamata a san abin da ake aunawa kafin a yanke shi.

Masana sun raba riƙo gida biyu. Akwai dogon riƙo, inda hadda da tatsuniya suke zama shekara da shekaru. Akwai kuma gajeren riƙo, watau wanda mutum yake tsare magana da shi na ɗan lokaci har ya yi aiki da ita. A 1975 Baddeley da abokan aikinsa sun nuna cewa gajeren riƙo ba ya ɗaukar fiye da abin da baki zai iya furtawa cikin sakan biyu ko kusan haka. A 1980 Ellis da Hennelly sun gano cewa masu harshe biyu a ƙasar Wels sun fi riƙe lambobi da Ingilishi, don kawai sunayen lambobin harshensu sun fi ɗaukar lokaci wajen furtawa.

Wannan ya shafi Hausa kai tsaye. Daga ɗaya har tara, kowace lamba gaɓa biyu gare ta: bi-yu, hu-ɗu, ba-kwai, ta-kwas. Na Faransanci kuwa gajeru ne, gaɓa ɗai-ɗai. Idan aka ba yaro jerin lambobi da Hausa, aka gwada sakamakonsa da ma'aunin yaran Faransa, an zalunce shi. Idan kuma aka ba shi da Faransancin da bai iya ba, an sake zaluntarsa, saboda baƙon sauti ya fi wuyar riƙewa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa Bahaushe ya cusa wasali ya ce Faransa. Yaron da ke fama da irin waɗannan sautuka ƙarfinsa yana ƙarewa a kan furuci, ma'ana ta kuɓuce masa.

An daɗe da sanin matsalar a Nijar. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harshen uwa a azuzuwan farko. Duk da haka, binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a ƙarshen firamare, yaran Nijar da suka kai mizanin karatu ba su cika ɗaya cikin goma ba. Ba zai yiwu a ce sauran tara duk masu lalura ne ba.

Dalili na biyu shi ne lafiyar jiki. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, zazzaɓin cizon sauro kuma yana da ƙarfi a can. Idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya barin rauni a hankali da riƙo bayan yaro ya warke. Haka nan tamowa da ƙarancin jini. Sanƙarau da ciwon kunne mai zubar da mugunya suna rage ji. Abin da yaro bai ji sosai ba kuwa, ba za a ce ya manta shi ba.

Sai dalili na uku, watau lalurar koyo ta ainihi, kamar wadda likita Rudolf Berlin ya raɗa wa suna disleksiya a 1887. Alamarta ita ce ba ta zaɓen harshe. Yaron da ke da ita yakan yi jinkirin fara magana, yana juya gaɓoɓin kalma, yana shan wuyar haɗa harafi da sautinsa, a boko da allo duka, alhali idonsa da kunnensa lafiya, wayonsa kuma daidai da na tsaransa.

Don rarrabe ukun nan, sai a fara da tambayar uwa wane harshe ake yi a gida, da irin cututtukan da yaro ya yi. Sa'an nan a duba jinsa a asibiti. Bayan haka a gwada shi da harshensa: a aike shi da saƙo mai kashi uku, a sa shi ya maimaita ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana waɗanda aka gina bisa tsarin gaɓar harshen, kamar "dakubi" ko "tamuraki", ana ƙara tsawonsu sannu a hankali. A tambayi malamin allo yadda haddarsa take. In ya yi kyau a nan, harshen koyarwa ne matsalar. In ya gaza ko'ina, yana bukatar gajerun umarni, da yawan maimaici, da zama kusa da malami. Bulala ba ta ƙara riƙo. Aikin da ya rataya a wuyan masana harshe shi ne shirya irin wannan gwaji da Hausa, da Zabarmanci, da Dandanci, kowanne da nasa ma'auni, domin malaman Gaya su samu abin aiki.