Dashen haƙora ga wanda bakinshi ya zube duka: ƙarfe ko tangaran?

Yau za mu taɓo matsalar da ta fi damun dattawanmu. Idan haƙora suka zube gaba ɗaya, ƙashin muƙamuƙi yakan riƙa zaizayewa sannu a hankali, don ba shi da sauran abin riƙewa. Shi ya sa haƙoran roba da suka zauna daram bara, bana sai su fara rawa, musamman na ƙasa. Mutum ya bar kilishi, ya bar goro, wani ma har ya daina cin abinci cikin mutane don kunya.

Maganin da likitocin haƙora suka samo shi ne a dasa ƴan ƙusoshi cikin ƙashin, a jira wata uku zuwa shida ƙashi ya kama su, sannan a maƙala haƙoran robar a kansu kamar maɓallin riga. A wani taron masana da aka yi a jami'ar McGill ta ƙasar Kanada a 2002, an amince cewa ƙusa biyu ne ya kamata a fara ba mai muƙamuƙin ƙasa da babu haƙori ko ɗaya. Na sama ƙashinshi ya fi taushi, galibi sai an sa huɗu.

To da mi ake ƙera ƙusar? Nan ne zaɓi ya kasu biyu.

Na farko ƙarfen titaniyom ne. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a 1952 cewa ƙashin zomo ya manne ma wannan ƙarfe har ya ƙi cirewa. A 1965 ya dasa ma mutum na farko, kuma ƙusoshin sun yi mashi aiki shekara 40, har ya rasu a 2006. Ƙarfen yana jure taunar yau da gobe ba tare da ya tsage ba, kuma yawanci kashi biyu ne, gindi da kai, saboda haka in kan ya lalace ana canza shi ba a taɓa na cikin ƙashi ba.

Na biyu zirkoniya ce, wani irin tangaran fari tas. Masu tallarta suna cewa ba ƙarfe ba ce, kuma ba ta sa dasashi ya yi duhu. Gaskiya ne. Amma tangaran ko mai ƙarfi ne, in nauyi ya yi mashi yawa karyewa yake yi, ba ya lanƙwasa. A jami'ar Otago ta Niyu Zilan an gwada su biyun a bakin mutum 24 marasa haƙora, aka fitar da sakamako a 2014: bayan shekara guda, ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya fi zaizayewa kewaye da zirkoniya, wasu ƙusoshinta kuma sun karye. Ƙusa in ta karye cikin ƙashi, sai an sake yin aiki kafin a fitar da guntun.

A ganinmu, ga dattijon da zai ɗora haƙoran roba, farin zirkoniya ba ya ƙara mashi komai, tunda robar ta rufe ƙusar, ba mai ganinta. Inda take da amfani shi ne ga wanda jikinshi ba ya shiri da titaniyom, kuma irinsu ba su da yawa.

Kafin a kai ga zaɓi ma, likita zai nemi a ɗauki hoton ƙashi, wanda a asibiti ake ce ma radiyo, ba irin tamu ba. Zai kuma tambayi shan taba da ciwon suga, don mai shan sigari da wanda suganshi bai daidaita ba, su ne dashensu ya fi saurin ƙin kamawa, ko da wace irin ƙusa aka yi aiki.