Tuwon Dare, Abincin Bakin Titi da Ganyen Bayan Gida

Duk lokacin da aka dawo daga hutu, mukan tambayi ɗalibai a aji abin da suka fi ci da dare a gida. Da can amsar ba ta wuce tuwo da miya, ko gwate, ko shinkafa da wake. Yanzu kuwa hannuwa da yawa sukan tashi a ce Indomie da ƙwai, ko awara, ko burodi da shayi. Waɗansu ma sukan ce ba su tuna ranar da dukan gidansu suka zauna suka ci tare ba. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan abincin dare, da abin da na bakin titi yake ba mu, da abin da ya rasa, da kuma yadda ɗan fili a bayan ɗaki zai cike giɓin.

A yawancin gidajenmu abincin dare shi ne babba. Da safe kowa yana hanzari, a sha koko ko kunu a fita. Da rana Baba yana gona ko wurin aiki, Mama tana kasuwa, yara suna makaranta. Sai da yamma ake haɗuwa. A nan ne ake yin addu'a tare, a nan ne uwa takan lura cewa ɗan autanta bai taɓa tuwo ba, ta gane zazzaɓi ne yake tafe. A nan kuma jiki yake samun yawancin abin da zai rayu a kai. Tuwon masara ko na dawa ko na acca yana ba da ƙarfi, amma yawancin amfaninsa ƙarfi ne. Abin da yake gyara jini, ya kiyaye ido da fata, yana cikin miya. Kakanninmu ba su san sunan bitamin ba, duk da haka ba su rasa kuka, da kuɓewa, da karkashi, da yakuwa, da rama a tukunya ba.

Abincin bakin titi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙosai, da waina, da ɗanwake, da tsire sun daɗe tare da mu, kuma ba abin rainawa ba ne. Ƙosai wake ne, awara kuwa waken suya ce, dukansu suna gina jiki, ga su da araha idan aka gwada da nama. Taliyar leda ce ta zo daga baya. A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'antar Indomie a Ota ta jihar Ogun, daga nan ta bazu har ta kai teburin kowane mai shayi. Dalilin farin jininta a fili yake: minti biyar ta dahu, ba ta cin itace, yaro ma ya iya dafa ta.

To, ina matsalar take? Abu uku ne. Na farko, yawancin irin wannan abinci gari ne da mai, ganye kuwa babu, sai dai 'yar albasa da aka yayyanka a kai. Na biyu shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi guda. Ƙullin kayan ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya, da dunƙulen da ake marmasawa a miya, da yajin tsire, kowannensu yana ɗauke da nasa gishirin, yawan gishiri kuwa yana jawo hawan jini. Na uku, man da aka yi ta suya da shi kwana da kwanaki har ya yi baƙi ba ya yi wa jiki kirki. Ba mu ce a daina cin awara ba, gama mu ma malamai mukan tsaya wurin mai awara a bakin ƙofar makaranta. Abin da muke cewa shi ne, idan ita ce abincin dare kullum, ciki zai cika amma jini yana iya raguwa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da hannu a ciki, rashin abinci mai kyau shi ma yana da nasa rabo. Ɗalibar da jininta ya yi ƙasa takan gaji da wuri, ta yi ta gyangyaɗi a aji, a ce mata raguwa alhali ba ragwanci ba ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukumar da muka ambata ta ce mutum yana bukatar aƙalla giram 400 na ganyaye da kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. Amma bayan cire tallafin man fetur a 2023 kayan miya sun yi tsada, har a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Idan kuɗi ya gaza, ganye da nama ne suke fara fita daga tukunya. Nama sai da kuɗi, ganye kuwa ana iya shuka shi.

Ba a bukatar babban fili. Kwami mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 ya isa farawa. A kafce ƙasa, a gauraya ta da takin shanu ko na kaji wanda ya ruɓe sosai, gama ɗanyen taki yana ƙona tsiro. Irin alayyaho ƙanana ne ƙwarai, don haka a cuɗa shi da yashi kafin a yafa, domin kada ya taru wuri ɗaya. Cikin mako 3 zuwa 4 an fara ci. Idan aka yanka shi aka bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, zai sāke toho. Rama da yakuwa ana shuka su da faɗuwar damina, ba su da wahala. Zogale, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya ne, yakan kama ko daga iri ko daga reshe da aka dasa, yana kuma jure fari. A riƙa sare kansa idan ya kai ƙirjin mutum, don ya yi rassa, ganyen kuma kada ya fi ƙarfin hannu. Wanda yake gidan haya sai ya cika tsohon buhu ko fasasshen bokiti da ƙasa da taki. Ruwan da aka wanke shinkafa ko tumatir da shi ya isa ban ruwa, muddin babu sabulu a ciki. Sai a kewaye da kara ko ƙaya saboda awaki da kaji.

Shuka rabin aiki ne, sauran yana madafa, gama da yawa daga cikinmu mukan kashe amfanin ganye a kan wuta. A wanke ganye tukuna kafin a yanka shi, domin bitamin C yana bin ruwa ya tafi. A sa shi a ƙarshe, bayan miya ta nuna, a ba shi kamar minti biyar, a sauke tun yana kore. Ruwan da aka dafa alayyaho a ciki kada a zubar, a juye shi cikin miya. A rage kanwa, domin ko da yake tana sa ganye laushi da sauri, tana lalata bitamin C da waɗansu na rukunin B. A sa ɗan man ja ko man gyaɗa, saboda jiki ba ya iya ɗaukar bitamin A na cikin ganye sosai sai da maiƙo. Tumatir ko lemun tsami yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai gina jini, shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a jinkirta shayi kamar awa guda bayan cin abinci. Ganyen da za a adana domin rani, kamar kuka da zogale, a shanya shi a inuwa, gama zafin rana yana cinye amfaninsa. Wanda za a ci ɗanye, kamar kabeji da latas, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta saboda taifot da tsutsar ciki.

Hanyoyin cin ganye kuwa mun gaje su tuntuni. Ga kwaɗon zogale ko na rama da ƙuliƙuli da albasa da tumatir. Ga gwaten acca ko na tsakin masara da yakuwa da gauta. Ga miyar taushe da kabewa da gyaɗa, ga dambu da zogale. Ko ranar da aka gaji aka ce taliya za a dafa, sai a yanka alayyaho cike da hannu biyu a zuba, a sa rabin ƙullin kayan ɗanɗanon kawai. Idan awara aka sayo, a kawo ta gida a ci da kwaɗo, kowa ya samu.

Ya ku ɗalibai, maza da mata, ga aikin hutu wanda ba a rubuta shi a takarda. Ku roƙi Baba ɗan wuri a bayan ɗaki, ku shuka alayyaho a makon farko. Kafin a koma makaranta za ku ci daga aikin hannunku. Iyaye kuma muna roƙonku, ko sau uku ne a mako, a ajiye waya a zauna a ci tuwon dare tare. Allah ya sa albarka a tukwanenmu.