Me Ke Sa A Rufe Ƙaramar Makarantar Ƙauye?

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, mai tafiya ƙauye-ƙauye yakan tarar da wani gini mai aji biyu ko uku a bakin gari. Iska ta kwashe kwanon rufinsa, awaki na kwana a ciki. Da ya tambaya sai a ce masa, "Ai makaranta ce a da." Ba a rana ɗaya makaranta ke mutuwa ba. Abu biyu ne sukan haɗu su kashe ta: ƙarancin kuɗi a hannun hukuma, da ƙarancin yara a cikin aji.

Yadda abin ya faru a baya

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Lokacin akwai kuɗin mai. Aka giggina makarantu har a ƙananan ƙauyuka. A wancan zamani Funtuwa da Malumfashi suna cikin Jihar Kaduna ne, don sai a 1987 aka yi Jihar Katsina.

Ba a daɗe ba farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi. Da soja suka dawo mulki, jihohi da yawa suka sa iyaye biyan kuɗin makaranta. Talakawa suka janye 'ya'yansu. A farkon shekarun 1980 yaran firamare a Nijeriya sun haura miliyan 14, amma zuwa 1987 ba su kai miliyan 12 ba. A cikin waɗannan shekaru aka rufe ƙananan makarantu da dama a ƙasar nan, aka haɗe wasu da na garuruwan da ke kusa.

Lissafin da hukuma ke yi

Albashin malaman firamare daga kuɗin ƙananan hukumomi yake fitowa, kuma shi ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin ilimi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35.

Ga misali. A ce makaranta tana da aji shida da malamai shida, amma yaranta duka 60 ne. Kowane malami yana da yara goma ke nan. A cikin garin Funtuwa kuwa ana iya samun malami ɗaya da yara sun fi ɗari a gabansa. Idan kuɗi ya yi wuya, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai duba rajista. Sai ya ɗauke malamai daga inda yara ba su da yawa, ya kai su inda aka cika. Makarantar ƙauye ta koma malami biyu, daga nan ɗaya. Iyaye su ga ba a koyar da komai, su ƙara janye yara. Ƙarshenta a ce sauran su koma makarantar gari na gaba.

Ina yaran suke tafiya?

Ƙauyukan wannan yanki ba su rasa yara ba. Zuwa aji ne ba sa yi. Da damina ana buƙatarsu wajen shuka da noman masara. Da kaka ga tsinkar auduga da sussukar dawa. Da rani masu fadama, kamar na ƙasar Danja da Kafur, suna son mai taya su ban-ruwa da tsinkar tumatir. 'Yan mata kuma suna talla, musamman ranar kasuwa. Yaron da ya yi wata biyu bai je aji ba, in ya koma ba ya gane karatu, sai ya ji kunya ya daina.

A shekarun baya-bayan nan kuma an sami matsalar 'yan bindiga. Ran 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma tsoro ya shiga zukatan iyaye. A sassan Faskari, Sabuwa da Ɗandume, mutanen wasu ƙauyuka sun yi ƙaura zuwa manyan garuruwa, makarantunsu suka zama kango.

Wa ke asara?

Idan aka haɗe makaranta da ta wani gari, manyan yara maza za su iya takawa ko su hau keke. Ɗan shekara shida ba zai iya tafiya mai nisa kullum ba. Da damina rafi yakan cika ya tare hanya. Uba kuma ba ya son 'yarsa ta ratsa daji. Saboda haka ƙananan yara da 'yan mata su ne ke fara zama a gida. Nan gaba garin zai rasa mai karanta takardar asibiti, ko umarnin da ke jikin kwalbar maganin feshi.

Abin da mutanen gari za su iya yi

Dokar UBE ta shekarar 2004 ta ce karatun firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku kyauta ne, kuma tilas ne. Wannan haƙƙin kowane yaro ne. Amma doka ba ta cika aji, iyaye ne ke cika shi.

Na farko, kowane magidanci ya kai yaronsa da ya isa shekara shida a rubuta sunansa. Yawan sunaye a rajista da yawan masu zuwa su hukuma ke dubawa.

Na biyu, da damina a bar yaro ya je aji da safe, ya tafi gona bayan an tashi, da kuma ranakun da babu makaranta.

Na uku, a raya kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. A cikinsa akwai mai gari, hedimasta, iyaye maza da mata, da malaman addini. Kwamiti ya riƙa leƙa makaranta don ganin ko malamai na zuwa. In kwano ya yaye, a yi aikin gayya a gyara kafin ruwa ya ci bango.

Na huɗu, in aka ji ƙishin-ƙishin za a ɗauke malamai, kada a tsaya jira. Dagaci da kwamiti su rubuta takarda, su haɗa da sunayen yaran garin duka, su kai wa sakataren ilimi ta hannun hakimi. In haɗewar ta zama dole, su roƙi a bar aji ɗaya zuwa uku a garin, manya kaɗai su riƙa tafiya.

Masu zuwa ajin yaƙi da jahilci sun san wuyar koyon baƙi da girma. Su ya kamata su shige gaba wajen wannan aiki. Riƙe makaranta tun tana da rai ya fi sauƙi a kan neman a sake buɗe ta, don rigakafi ya fi magani.