Lalle: Farin Fure Mai Ƙamshi Da Ya Dace Da Gidajen Damargu

 

A zagayen da muke yi cikin garuruwan Belbeji da Tanut an sha yi mana wata tambaya, musamman daga bakin iyayenmu mata da alhazan da suka dawo daga ƙasa mai tsarki da kwalbar turaren wardi. Tambayar ita ce: shin farin wardi mai ƙamshi zai yi a tsakar gida a nan Damargu? Amsarmu ita ce zai iya rayuwa, amma da wahala da ruwa mai yawa. Akwai kuwa wani itace da muke da shi tun kaka da kakanni, mai farin fure, mai ƙamshi, wanda rana ba ta kashe shi. Wannan itace shi ne lalle. Yau za mu yi bayanin yadda ake dasa shi, da amfaninsa, da kuma inda yake da haɗari ga lafiya.

Me ya sa wardi yake wahala a wurinmu?

Wardi ɗan ƙasar sanyi ne. Inda aka shahara da nomansa wurare ne masu tudu ko masu sanyin dare. Garin Ɗa'ifa a ƙasar Saudiyya yana kan duwatsu, tsawonsu ya kai wajen mita 1,800. A Maroko ana noma shi a Kala'at Maguna, a gindin duwatsun Atlas. A ƙasar Bulgariya kuwa, a kwarin Kazanlak, ana noma ja da fari domin yin turare. Sai an tara fiye da kilo 3,000 na fure kafin a samu kilo 1 na man wardi, shi ya sa turarensa na asali yake da tsada.

Mu duba tamu ƙasar. Belbeji, wadda aka cire daga Tanut ta zama gunduma a shekarar 2011, tana bakin iyakar noma da kiwo ne. Ruwan sama a yawancin shekaru tsakanin milimita 200 ne da 350, kuma kusan dukkansa yana sauka daga Yuli zuwa Satumba. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Ban da kwarin Tarka da wasu fadamu, rijiyoyinmu masu zurfi ne, kowa ya san wahalar da ake sha kafin guga ya hau. Wardi yana son ƙasa mai laima kullum, iskar bazara kuma tana ƙone furensa tun bai buɗe ba.

Wanda ya nace sai ya gwada, to ya dasa shi cikin babbar tukunya a farkon sanyi, ya ajiye shi inda hantsi yake samunsa, inuwa ta rufe shi da azahar, ya kuma shirya ba shi ruwa kusan kowace rana. Amma gidan da ake auna ruwan sha da tulu, bai kamata a raba shi da fure ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu san lalle

Lalle ƙaramin itace ne mai rassa da yawa. In an bar shi yakan kai mita 2 zuwa 6. Ganyensa ƙanana ne, suna fitowa biyu biyu suna fuskantar juna. Tsofaffin rassansa sukan yi tsini kamar ƙaya. Furensa ƙanana ne farare, suna taruwa a kan reshe kamar zangarniya, ƙamshinsu kuwa ya fi tashi da yamma da cikin dare. Bayan fure sai ƴaƴa ƴan dunƙule-dunƙule, kowane ɗaya cike da ƙananan iri.

Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis, sunan da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Line ya rubuta masa a shekarar 1753. Amma amfani da shi ya girmi wannan suna da dubban shekaru, domin an samu alamarsa a gashin gawawwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. A yau garin Sojat da ke yankin Rajastan mai ƙarancin ruwa a Indiya yana cikin manyan wuraren nomansa a duniya. A garin Kannauj, can Indiya, ana tatsar turare daga furensa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adar ƙunshi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16.

Abin da ya fi yi mana daɗi shi ne, zafin da yake kashe wardi shi ne yake gyara lalle. Abin da ke rina fata a cikin ganyen ya fi yawa lokacin da zafi ya kai digiri 35 zuwa 45. In fari ya tsananta sai ya kakkaɓe ganyensa ya yi shiru, ruwa na sauka ya sake toho. Sanyi mai tsanani ne kawai yake jin tsoro, don haka ƙaramin dashe yana son kariya daga iskar hunturu.

Yadda ake samun dashe

Hanya biyu ce: ta iri da ta reshe.

Ta iri: a tsinko ƴaƴan da suka bushe a kan uwa, a murje su, a sheƙe. Ɓawon irin yana da tauri, in an zuba shi a ƙasa haka nan kaɗan ne zai fito. Saboda haka a jiƙa shi cikin ruwa kwana 3 zuwa 7, ana sake ruwan kowace safiya, har ya kumbura. Sa'an nan a haɗa shi da ɗan rairayi a barbaɗa cikin leda ko tsohuwar ƙwarya mai huji, wadda aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Kada a binne shi da zurfi, lulluɓi kaɗan ya isa. A ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. In tsiron ya kai kamu ɗaya, wato bayan wata 3 ko 4, ya isa dashe. Wanda ya fara reno a watan Afrilu zai samu abin dasawa a tsakiyar damina.

Ta reshe: wannan ta fi sauƙi ga mai son gindi biyu ko uku. A nemi izinin maƙwabci mai lalle, a yanko reshe lafiyayye mai kaurin fensir, tsawonsa kamar santimita 25, mai idanu 6 zuwa 8. A cire ganyen ƙasa, a kafa rabinsa cikin ƙasa mai laima, a lura kada a juya kansa ƙasa. A yi masa inuwa har ya yi sabon toho. A kafa fiye da abin da ake bukata, domin ba duka ne suke kamawa ba.

Wuri da lokacin dashe

A zaɓi wurin da rana take samu sosai. Jikin danga ko kusa da inda ake alwala ya fi dacewa. A haƙa rami mai zurfin santimita 40, faɗinsa ma haka. A cakuɗa ƙasar da aka fitar da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, a ƙara tafi biyu na toka saboda gara. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara, kada a sa shi. Mai son shinge ya bar santimita 50 tsakanin gindi da gindi. Mai son itace ya buɗe ya yi fure sosai ya bar mita 1 da rabi.

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan damina ta kankama, ƙasa ta sha ruwa. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, ta faɗo daidai wannan lokaci. A yi dashen da yamma, a tsaga ledar a hankali don kada ƙasar saiwa ta warwatse, a danne gefen da ƙafa, a ba shi ruwa nan take.

Babban abokin gaban ƙaramin dashe shi ne akuya. Tun ranar farko a kewaye shi da ƙaya ko kara. Da yawa daga cikin itatuwan da ake dasawa kowace shekara ba ƙishirwa ce take kashe su ba, rashin shinge ne.

Ban ruwa ba tare da an taɓa ruwan sha ba

Ranin farko shi ne mai wuya. Ƙaramin gindi yana son kamar rabin bokiti sau biyu ko uku a mako. Ba sai an jawo sabon ruwa dominsa ba. Ruwan alwala, da ƙasari, da ruwan ɗaurayar ƙwarya duk sun wadatar. Ruwan wanki mai sabulu da yawa ko mai gishiri ne kawai za a kauce wa, domin yana ɓata ƙasa a hankali.

Ga wata dabara mai rage asara. A samu tsohuwar tukunyar ƙasa wadda take tsatsafo, a binne ta har wuya a gefen dashen, a cika ta da ruwa, a rufe bakinta. Ruwan zai riƙa tsatsafowa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba za ta shanye shi ba. Rufe bakin wajibi ne, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. A kuma shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshen ganye a gindin domin riƙe laima. Daga shekara ta biyu saiwa ta yi zurfi, ban ruwa sai jefi-jefi a tsakiyar bazara.

Fure ko ganye?

A nan sai mai gida da uwargida sun yi shawara, domin furen a kan reshe yake fitowa, yankan ganye kuwa yana tafiya da kan reshen. Wanda yake yanka kullum ba zai ji ƙamshi ba. Shawararmu ita ce a raba: a bar gindi ɗaya ko biyu kusa da inda ake zama da dare, kada a yanka su sai dai gyara, su ne na ƙamshi da iri. Sauran a riƙa yanka su domin ganye.

In za a yanka, a bari itacen ya shekara tukuna. A sare rassan da wuƙa mai kaifi, a bar kamar santimita 15 daga ƙasa, zai sake toho da ƙarfi. Inda ake samun ban ruwa ana iya yanka sau 2 ko fiye a shekara. A shanya rassan a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, domin rana tana kashe launin ganye. In sun bushe a kakkaɓe, a tsince itace, a adana ganyen cikin buhu a wuri mara laima. Kada a daka sai ana bukata, domin gari ya fi saurin rasa ƙarfinsa. Gindin da ake kula da shi yakan yi fiye da shekara 10 yana bayarwa.

Furen kuwa a tsinke shi da sassafe, a busar a inuwa, a ƙulle cikin ƙyalle a sa a akwatin tufafi. Ganyen da ya rage bayan bukatar gida yana da kasuwa, musamman gab da salla da lokacin bukukuwan aure bayan kaka. Kuɗin ba masu yawa ba ne, amma suna sayen sabulu da littafin yaro, kuma suna shiga hannun uwargida ne.

Gargaɗi kan lafiya

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci, muna roƙon a karanta wa waɗanda ba su halarci aji ba.

Na farko, kada a sa wa jariri lalle, ko a jiki ko a ka. Akwai wani gadon jini da likitoci suke kira ƙarancin G6PD. Yana da yawa a Afirka ta Yamma, ya fi kama yara maza, kuma ba a gane shi da ido sai an auna jini. In lalle ya ratsa fatar irin wannan jariri, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan farfashe. Cikin kwana ɗaya zuwa uku sai a ga idanu sun yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, tafin hannu ya yi fari, yaro ya ƙi kama nono. Duk uwar da ta ga haka ta garzaya da shi gidan likita a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kuma ta gaya wa ma'aikacin lafiya cewa an sa lalle.

Na biyu, a yi hattara da abin da ake kira baƙin lalle. Lallen gaskiya ba ya yin baƙi. Yana bukatar awoyi kafin ya kama, launinsa ja ne, yana ƙara nuna bayan kwana biyu. Wanda yake yin baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci, sau da yawa an haɗa shi ne da maganin rina gashi mai guba da ake kira PPD. Yana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci bayan mako ɗaya ko biyu, ya bar tabo daidai zanen da aka yi. A birnin Hartum na Sudan, tsakanin 1984 da 1989, likitoci sun karɓi yara 31 da wannan guba ta kama, 13 daga cikinsu suka rasu. Gidan da yake da nasa itacen ya san abin da ya daka.

Na uku, kada a sa lalle a cibiyar jariri, ko ƙuna, ko buɗaɗɗen rauni, domin ƙura da dattin da ke cikin garin suna iya shigar da cuta. Kada kuma a jiƙa ganyen ko saiwar a sha, musamman mace mai juna biyu.

Kammalawa

Ƴan'uwa, ba mu hana kowa sha'awar wardi ba, amma daidai ruwa daidai tsaki. Gindi uku na lalle a tsakar gida za su ba mu ƙamshi da dare, da ƙunshin salla mai tsabta, da ɗan abin kashewa, a kan ruwan da dā zubarwa muke yi. Mu nemi reshe tun yanzu, mu tanadi ƙayar shinge kafin ruwa ya sauka. Wanda ya ci karo da wata matsala ya tuntuɓi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na yankinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa iyalanmu lafiya. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.