Daga dilar bosho zuwa ɗakin amarya: ɗinkin hannu a ƙasar Atantane

Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a garuruwan ƙaramar hukumar Atantane, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, ko kuwa a maƙwabciyarta gundumar Tasawa, abin da zai fara ɗaukar idonsa bayan jeren kwanuka shi ne zanen gado da rigunan matashi masu adon furanni, waɗanda aka ɗinka da zare ja da kore da rawaya. Baƙo yakan zaci daga kanti aka sayo su, alhali sau da yawa asalin yadin tsohon labule ne da aka gama amfani da shi a Turai, zaren kuma na wata rigar sanyi ce da aka warware.

Masu karatu, musamman ƴan kasuwa, sun san hanyar bosho, wato gwanjo. Diloli ne ake saukewa daga jiragen ruwa a Kwatano da Lome, a loda su cikin manyan motoci zuwa Maraɗi, inda wasu sukan ƙetara zuwa Nijeriya, wasu kuma a kwance su a rarraba cikin kasuwannin ƙauye. Wannan ciniki ya ƙara ƙarfi bayan 12 ga Janairu 1994, ranar da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, sabon yadi ya gagari talaka. Babu shakka bosho yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙanmu na gargajiya. To amma abin da ya rufe wata ƙofa shi ne ya buɗe wata, domin a cikin kowace dila akwai kayan da ba su sayuwa saboda yagewa ko tabo, kuma su ne mata suka mai da jarinsu.

Ga yadda aikin yake tafiya. Bayan an gama girbin hatsi da wake, maza da yawa sun tafi cin rani, mace takan sayi rigar sanyi mai arha, ta nemo bakin zaren ta warware shi, ta wanke, ta shanya, ta naɗe kowane launi daban. Sa'an nan ta yanke wurin da ya lalace a jikin yadin, ta kalmashe bakinsa, ta zana fure da gawayi ko da biro, ta bi zanen da allura. Ƙyallayen da tela ya zubar su ma ba su tashi a banza ba: akan harhaɗa su a yi mayafin yaro, ko jakar allo, ko shimfiɗa. Ba a bukatar keken ɗinki, ba a bukatar wutar lantarki. Hausawa sun ce ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Wannan sana'a tana da tushe. Tun zamanin kakanni an san Hausawa da surfani, wato adon babbar riga irin su aska biyu da aska takwas, da kuma ɗinkin hula, kuma a da maza ne, galibi malamai da almajirai, suke riƙe da surfanin riga. Daga baya mata suka shigo. A birnin Zariya, a shekarar 1994, wasu mata sun kafa ƙungiyar masu ɗinkin hannu mai sunan Sarauniya Amina, aikinsu har ya kai ƙasashen waje. A nan gida kuwa, cikin jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata suke zuba kuɗi cikin asusu kowane mako suna ba juna rance. Rancen jika ɗaya ko biyu ya isa a sayi yadi da allura a fara.

Sai dai akwai matsaloli. Na farko, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kaya suka koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso, hanya ta yi nisa, kuɗin dako ya ƙaru. Na biyu, da yawa daga cikin tufafin da ake zubarwa a Turai yanzu na zaren roba ne, ba su kuma riƙe ɗinki kamar na da. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne farashi. Zanen gadon da ya ci wa mace makonni tana duƙe a kansa, idanu suna zafi, shi ne mai saye zai taya da kuɗin yadin kawai, yana cewa ai bosho ne. Ya manta cewa hannun da ya yi aikin shi ake biya. Idan ɗiya ta ga wahalar uwarta ba ta haifar da komi ba, ba za ta ɗauki allura ba, daga nan kuma sana'a take mutuwa.

A nan ne kira ya zo kanmu. Ɗan kasuwar da yake kwance dila a Maraɗi ko Tasawa yana iya ware yagaggun auduga da ulu ya sayar wa ƙungiyoyin mata kai tsaye, ya kuma karɓi abin da suka ɗinka ya baje a shagonsa. Ma'aikacin gwamnati da zai aurar da ɗiyarsa yana iya ba da aikin kayan ɗaki a ƙauye tun da wuri, ya biya ba tare da ya matse mai aikin ba. Magabatan ƙananan hukumomi kuma su yi ƙoƙari sunan matan karkara ya shiga cikin masu zuwa SAFEM, kasuwar baje kolin sana'o'in hannu na mata da aka fara a Yamai a shekarar 2000, domin kada wakilci ya tsaya ga matan birni kaɗai.

Kuɗin zanen gado guda, a gidan da rumbu ya kusa ƙarewa kafin damina, tiyoyin hatsi ne da kuɗin magani. Mai taya irin wannan kaya ya tuna da haka kafin ya buɗe baki. Allah ya sa mu dace, amin.